Goro da Coca-Cola: me ya haɗa su, kuma goro nawa ne ya yi wa mai hawan jini yawa?

Tambaya: Malam, gardama ce ta kaure a majalisarmu a Gwammaja. Kawuna ya ce Coca-Cola ba komai ba ce illa goronmu da Turawa suka jiƙa suka ɗura a kwalba, ni kuma na ce zancen majalisa ne kawai. Sannan shi kawun nawa yana da hawan jini, amma ba ya rabuwa da goro, ya ce ai ɗan itace ne, ba ya cutarwa. Tunda kai masanin harhaɗa magunguna ne, wa ya fi gaskiya a cikinmu?

Amsa: Ɗan'uwa, a maganar farko kawu ya fi ka kusa da gaskiya, sai dai labarin nasa ya tsufa. A magana ta biyu kuwa, da ladabi nake cewa bai daidaita ba, kuma ita ce ta fi damuna, domin ita ce ta shafi ransa.

Bari mu fara da kwalbar. Wanda ya ƙirƙiro Coca-Cola abokin sana'armu ne, wani mai haɗa magani a birnin Atlanta na Amurka mai suna John Pemberton, a shekarar 1886. Tsohon soja ne da aka ji wa rauni a yaƙin basasar ƙasarsu, maganin kashe zafin da ake ba shi ya kama shi har ya kasa bari, shi ya sa ya duƙufa neman abin da zai maye masa gurbinsa. Da farko haɗin giya ya yi, da aka kafa dokar hana giya a garin sai ya koma ruwan zaƙi. Abubuwa biyu ya gina haɗin a kansu: ganyen koka na Kudancin Amurka, wanda daga shi ake fitar da hodar iblis, da kuma goron Afirka ta Yamma, wanda Turawa ke kira kola. Mai riƙe masa littafin kuɗi, Frank Robinson, shi ya haɗa sunayen biyu ya ba abin suna. A kantin magani aka fara sayar da ita, kofi ɗaya santi biyar, ana tallarta a matsayin maganin ciwon kai da kasala. Pemberton bai ci moriyarta ba, ya mutu a 1888, kasuwar ta faɗa hannun Asa Candler. Pepsi ma wani mai haɗa maganin ne ya yi ta, Caleb Bradham, aka raɗa mata sunan da take da shi yanzu a 1898.

Wajen 1903 aka cire hodar iblis daga haɗin. Goron kuwa sunansa ya zauna a jikin kwalba, shi kansa ya kama hanya. Kamfanin ba ya bayyana sirrin haɗinsa, amma a 2011 wasu masana a Italiya sun bi diddigin sunadaran goro a cikin Coca-Cola ba su same su ba, alhali sun same su a wani lemon da aka yi da goro na gaske. Don haka ka faɗa wa kawu cewa kakan wannan lemo ya san goro, amma abin da mai shago ke miƙo masa yau ruwa ne da sukari da iskar gas da kala da ɗan sinadarin kafeyin.

Ba Pemberton kaɗai ya hango amfanin goro a wancan zamani ba. Wani kamfanin magani a Ingila ya riƙa buga ƙwayoyi na goro da koka don masu doguwar tafiya, har Baturen nan mai tafiye-tafiyen bincike, Ernest Shackleton, ya tafi da su yankin ƙanƙara na ƙarshen kudancin duniya. Abin da Turawa suka gano a ƙarni na 19, fataken Kano sun daɗe da saninsa a ƙafafunsu: goro yana danne yunwa, yana kore barci, yana sa mutum ya ƙara zango.

A nan ne labarin ya fi yi mini daɗi. Duk wannan ƙauna da Bahaushe ke yi wa goro, itacensa ba ya yi a ƙasar Kano, kurmi yake so mai ruwan sama da inuwa. Abin da babu ɗaurin aure ko raɗin suna sai da shi, baƙo ne da ake kawowa daga nesa. Tsohon littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci cewa Sarkin Nupe ya aika wa Sarauniya Amina goro dubu goma, ya kuma ce a zamanin Sarki Abdullahi Burja, a ƙarni na 15, aka buɗe hanyar Gwanja. Gwanja tana arewacin Ghana ta yau, babbar kasuwarta Salaga, goron kuma daga kurmin Asante yake fitowa. Ayari kan tashi daga Kano da jakai ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, madugu na gaba, a yi wata da watanni a hanya, a komo da huhunan goro. Kuma goro kaya ne mai rai: sai an naɗe shi da ɗanyen ganye, ana kwancewa ana yayyafa ruwa ana tsince wanda sankara ta taɓa, in ba haka ba kafin a iso ƙofar gari an yi asara. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka yi suna a wannan fatauci.

Daga cikin Agalawa Alhassan Ɗantata ya fito. An haife shi a Bebeji a 1877, ya rasu a Kano a 1955. Yau in an ambace shi gyaɗa ce ke zuwa wa mutane a rai, amma da goro ya fara. Dabarar da ta ɗaga shi ita ce ɗora goro a jirgin ruwa daga Ankara ta ƙasar Ghana zuwa Legas maimakon bin tsohuwar hanyar ƙasa, da jirgin ƙasa kuma ya iso Kano wajen 1911 sai tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. Jarin goron ne ya shiga gyaɗa da shi. Ɗansa Sanusi Ɗantata shi ne kakan Aliko Ɗangote na wajen uwa. Ke nan wannan ɗan itace da kawu ke ɓarawa yana da hannu a sunan lemon da ya fi kowanne shahara a duniya, yana kuma da hannu a tushen gidan da ya fitar da attajirin da ya fi kowa a Afirka. Daga baya noman irin goron Gwanja ya bunƙasa a ƙasar Yarbawa, Shagamu ta zama matattara, motoci na sauke shi a kasuwar goro ta Mariri. Sunansa ma ya yi yawo tare da shi: a Jamaika ana kiransa bisi, daga bakin mutanen Akan da aka kwashe a zamanin cinikin bayi, a Brazil kuma obi, sunansa na Yarbanci.

Ga wani abin mamaki da nakan jefa wa ɗalibai. A tsarin masana tsirrai, goro dangi ɗaya yake da koko da ake yin cakulan da shi, kuma a wannan babban dangin ne kuka da kuɓewa da yakuwa da rama da auduga suke. Namijin goro kuwa, duk da sunansa, ba ɗan gidan ba ne ko kaɗan, wani itace ne dabam daga wani dangi dabam. Tunda na ambace shi: a lokacin Ebola a 2014, da kuma lokacin korona, an yi ta yaɗa cewa yana warkar da su. Babu gwajin da aka yi a jikin mutane da ya nuna haka.

Yanzu mu zo kan lafiyar kawu. Hujjar "ai ɗan itace ne" ba ta tsayawa a wajen mai harhaɗa magani, domin da yawa daga abin da ke kan kantarmu asalinsa ganye ne ko saiwa ko ɓawo, zaƙami ma ai tsiro ne. Abin tambaya a kullum shi ne me ke ciki, kuma nawa aka ci.

Abin da ke cikin goro kafeyin ne, wanda yake cikin gahawa da shayi, tare da ɗan'uwansa tiyoburomin na cakulan. Wani Bajamushe, Friedlieb Runge, ya fara ware kafeyin a 1819, bayan shahararren marubucin nan Goethe ya ba shi 'ya'yan gahawa ya ce ya duba abin da ke ciki. Shi itacen ba don mu yake yin sa ba, makaminsa ne na korar ƙwari. A busasshen goro kafeyin kan kai wajen kashi 2 cikin 100. Goro ɗanye kusan rabinsa ruwa ne, to in ka yi lissafi za ka ga goro guda matsakaici zai iya kamo kofin gahawa mai ƙarfi ko ma ya ɗara, kuma kofin gahawa yana ɗauke da miligiram 80 zuwa 100. Gwangwanin Coca-Cola kuwa bai wuce miligiram 35 ba. Ka ga abin ya juye: goriya ɗaya da tsoho ke taunawa a hankali bayan la'asar ta ninka kwalbar da yake hana jikansa sha a ƙarfin sinadari.

Yadda yake aiki abin sha'awa ne. Tun daga asuba ƙwaƙwalwa ke tara wani sinadari mai suna adenosin, yana taruwa yana zama a wasu gurabe na musamman, in sun cika sai barci ya fara fizgar mutum. Kafeyin ya yi kama da shi a siffa, sai ya riga shi zama a gurbin, kamar ɗan gayyar soɗi da ya mamaye tabarmar masu gida. Gajiyar tana nan ba ta je ko'ina ba, labarinta ne kawai bai isa ba. Da zarar hanta ta kwashe kafeyin sai duk abin da ya taru ya sauko gaba ɗaya. Wannan ne ya sa nake jin tsoron direban da ke riƙe da goro a madadin barci a hanyar Kaduna ko ta Maiduguri da tsakar dare.

Hanta tana buƙatar kimanin awa biyar kafin ta rage kafeyin da rabi. Wanda ya ci goro ƙarfe biyar na yamma, ƙarfe goma na dare rabi na nan a jininsa, ƙarfe uku na dare akwai sauran kwata. Da yawa daga cikin dattawan da ke zuwa neman maganin barci, in ka tambaye su lokacin goron ƙarshe sai ka ga amsar ta fito da kanta. Amma mutane ba ɗaya ba ne. Saurin hanta a wannan aiki gado ne, shi ya sa a kowace majalisa akwai wanda zai ce shi bayan isha'i yake ci kuma ya yi minshari, kuma ba ƙarya yake ba. Mai shan taba hantarsa tana kwashe kafeyin da sauri sosai, saboda haka in ya daina taba bai rage goro ba sai ya ji zuciya na bugawa, hannu na rawa, ya ɗauka rashin tabar ce kaɗai.

Akwai wani haɗi da na fi son kowa a Kano ya sani, saboda yadda ake shan maganin nan kamar ba gobe da sunan taifot: ciprofloxacin. Wannan magani yana toshe hanyar da hanta ke bi ta narkar da kafeyin, sai goron da mutum ya saba da shi ya daɗe a jiki fiye da kima. Mai shan sa ya rage goro da shayi har ya gama. Magungunan tsarin iyali na haɗiya ma suna jinkirta fitarsa.

Hukumomin lafiya na Turai sun sa miligiram 400 a rana a matsayin iyakar da ba ta da damuwa ga baligi lafiyayye, mai juna biyu kuma 200. Matsalar ita ce ba wanda ke tarawa. Ka ɗauki ranar mutum irin kawu: shayi mai kauri da safe, miligiram 40 zuwa 50 kowane kofi; ɓarin goro a kasuwa, wani bayan azahar, wani a majalisa; in kai ya sara a haɗiyi Panadol Extra guda biyu, kowace ƙwaya da miligiram 65 a ciki; in an samu ataya da dare a ƙara. Bai taɓa kusantar gahawa ba, amma zai iya kai iyaka ko ma ya wuce ta kafin ya kwanta. Matasa kuma sun ƙaro lemon ƙara kuzari a kai, ƙaramin gwangwani na Red Bull kaɗai miligiram 80 ne.

Game da hawan jini, gaskiyar ba ta kai yadda wasu ke tsoratarwa ba, ba ta kuma kai sauƙin da kawu ke so ba. Kafeyin yana ɗaga awon jini na 'yan awanni bayan an ci, ya fi yi ga wanda bai saba ba, wasu kuma ko sun saba ba ya daina yi musu. Ba a cewa goro ne ke haifar da cutar tun asali. Gishiri da ɗanɗanon miya da ƙiba da gado da shekaru sun fi shi laifi nesa ba kusa ba. Amma wanda awonsa ya riga ya hau, kuma bai daidaita da magani ba, ƙarin da goro ke yi ba abin rainawa ba ne. Hanya mafi adalci ita ce a gwada shi a jikinsa. A samo na'urar awo, ya zauna ya huta minti biyar a auna kafin ya ci goron safe, a sake aunawa bayan minti 30 zuwa awa ɗaya, a yi haka kwanaki kaɗan ana rubutawa. In lambar sama tana tashi da 5 zuwa 10 ko fiye, jikinsa na cikin masu jin kafeyin, ya kai takardar wa likitansa. Ranar zuwa asibiti kuma kada ya ci goro ko ya sha shayi aƙalla minti 30 kafin awo, don kada a ƙara masa magani a kan lambar da goro ya rubuta. In yana jin zuciya na tsalle ko bugun ya rikice, wannan ba maganar ragewa ba ce, ya ajiye har a duba shi.

Masu gyambon ciki sukan tambaya. Goro yana ƙara ruwan tsami a ciki, in an ci shi da yunwa yana tayar da ƙwannafi da zafin ƙirji, amma ba shi ke huda ciki ba. Manyan masu laifi biyu ne: wata ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori, da magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac da ake sha barkatai. Likitan da ya tabbatar da laifin ƙwayar, Barry Marshall na Ostareliya, da aka ƙi yarda da shi sai ya shanye ta da kansa a 1984, ciwon ciki ya kama shi; a 2005 aka ba shi kyautar Nobel tare da Robin Warren.

Mata masu ciki su ne na fi tausaya wa, domin da yawa goro suke taunawa don tashin zuciya da tsinkewar yawu. A watannin ƙarshe jiki kan ɗauki ninki biyu zuwa uku na lokacin da ya saba kafin ya fitar da kafeyin, kuma yana ratsa mahaifa ya isa ga ɗan tayi. Ɗan ɓari kaɗan ya isa. Sannan abin nan mai bauri da ke kama harshe, wanda yake rina haƙora, irinsa ne a cikin shayi yake hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci, don haka a raba shi da lokacin cin abinci da na shan maganin ƙarin jini da awa ɗaya ko biyu. Wani abin mamakin kuma, wannan kafeyin ɗin dai shi likitoci ke ba jarirai bakwaini a asibiti idan numfashinsu yana ɗaukewa, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Bambancin kawai awo ne.

Kada kuma kawu ya ce to bari ya koma kwalba tunda kafeyin ɗinta kaɗan ne. Matsalarta sukari ce: wajen giram 53 a robar rabin lita, kusan cokalin shayi 13, alhali iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba baligi a yini guda kusan giram 50 ne. A watan Yunin 2021 Cristiano Ronaldo ya ture kwalaben Coca-Cola biyu daga gabansa a taron 'yan jarida ya ɗaga ruwa, aka yi ta yaɗa cewa ya jawo wa kamfanin asarar dala biliyan 4, ko da yake farashin hannun jarin ya fara sauka tun kafin ya zauna. A ɗaya ɓangaren akwai attajiri Warren Buffett, haifaffen 1930, da ya ce yana shan gwangwani biyar a rana, ga shi ya haura shekara casa'in. Irin wannan hujja ce kawu zai kawo maka, ta wani dattijon unguwa da ya ci goro har ya tsufa tukuf. Mutum ɗaya ba ya zama awo. Waɗanda ba su kai labari ba ba sa zuwa majalisa su ba da nasu.

Idan ya yarda zai rage, kada ya yanke lokaci ɗaya. Jikin da ya saba, in aka hana shi, bayan awa 12 zuwa 24 kai zai fara sarawa, ga kasala da saurin fushi, abin ya fi tsanani a kwana na biyu, yana iya kaiwa mako guda. Ciwon kan da mutane da yawa ke fama da shi a ranakun farko na azumi, suna ɗora wa yunwa da rana, wani kaso nasa rashin goro da shayi ne. Shi ya sa nake ba masu goro shawara su fara ragewa tun tsakiyar Sha'aban, kwata ɗaya duk bayan kwana uku ko huɗu. Kawu ma haka zai yi: ya fara da ajiye na bayan la'asar, na safe ya koma ɓari ɗaya bayan karin kumallo.

Saura maganar saye. Saboda ƙwarin da ke cin goro a ajiya, wasu masu adana shi kan zuba masa maganin ƙwari, shi kuma abu ne da ake ci ɗanye ba dafawa. Ya saya a hannun wanda ya sani, ya wanke da ruwa mai tsabta kafin ya kai baki, ba goga a jikin riga kawai ba. In ya ɓara ya ga huda, ko baƙin tabo, ko fumfuna, ko ya ji warin da ba na goro ba, ya yar da shi duka, kada ya fere gefen da ya ɓaci ya ci sauran.